Karen Yaya Mahasin

Duk wanda ya taɓa cin tuwon Zainaba a Alƙahira ya san ba tuwo kaɗai yake saye ba, har da tsabta. Mace ce 'yar Damagaram wadda idan ƙuda ya sauka a kan murfin tukunyarta sai ta wanke murfin, ta kuma bi ƙudan da harara. A shaƙƙarta, wato gidan hayarta da ke hawa na uku a wani lungu na unguwar Ainu Shams, take girki. Ranar Juma'a idan an sauko daga masallaci, ɗaliban Nijar kan hau ƙaramar bas ta haya tun daga unguwar Madinat Nasr su zo da kulolinsu, su kwashi tuwon masara da miyar kuka da dambun zogale, su koma suna shi mata albarka. Masu sayar da abincin gida ba su ƙarewa a garin, kuma wasu sun fi ta hannu, ita ma ta sani. Abin da ya riƙe mata mutane shi ne maganar da ake yi a kanta, wai ko a tsakar ɗakin Tanti Zainaba aka zuba maka miya za ka iya lashewa. Wannan suna shi ne jarinta, ba ta da wani, kuma cikin wannan gida ne aka shigo da kare.

Mijinta Mu'tasim Bahaushen Sudan ne, jikan mutanen nan da suka taso aikin hajji a ƙafa suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Yana aiki a wata masana'anta can bayan gari, can yake kwana, sai jefi-jefi ya leƙo. Da yaƙi ya cinye Khartum aka kashe mijin yayarsa, wani mai gyaran firji da ake ce wa Isam, sai ita yayar, Mahasin, ta biyo masu fasa-ƙwaurin mutane ta cikin hamada har Aswan, daga nan ta samu bayan wata motar kaya. Ranar da za ta iso Zainaba ta yi duk abin da ya kamace ta. Ta shimfiɗa sabon zanin gado, ta dafa ruwan wanka, ta turara ɗaki, har kukan da za ta taya ta ta tanada. Da ta buɗe ƙofa sai ta ga mijinta yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da wani abu. A bayansa wata doguwar mace ce da ta rame har mayafinta na neman zamewa, a hannunta igiyar shanya, a ƙarshen igiyar kuma wani abu da Zainaba ta fara ɗauka tsohon buhu ne.

Kare ne. Ba irin na Turawan unguwar Ma'adi da ake sa wa riga ba, karen bola ne tsantsa, wanda da can mai yiwuwa ja ne. Gashin jikinsa ya zube fili-fili, fatar ta yi kauri tana ɓarewa kamar garin sitaci. Bakin kunnuwansa ya cinye, kewayen idanunsa ya zama gyambo mai tsatsar ruwa, faratansa sun yi zaƙo-zaƙo suna ƙwas-ƙwas a kan matakala. Warinsa kuwa ya riga shi shiga gidan, ya tarar da turaren wutar Zainaba ya danne shi. Kukan da ta tanada ya koma inda ya fito. Mu'tasim ya matso yana raɗa mata ma'alish, ta yi haƙuri, ɗan lokaci ne kawai. Ita ko Mahasin ko sallama ba ta gama ba ta dubi matar ƙanenta ta ce, cikin Hausarta mai nauyin Larabci, “In ba shi da wuri a nan, ni ma ba ni da shi.”

Wa zai kori mai takaba daga bakin ƙofa? Aka ba karen balakona, wato 'yar barandar da ke leƙen waje, aka shimfiɗa masa kwali. Zainaba ta wanke matakalar tun daga hawa na uku har ƙasa, bawwab mai gadin gidan yana kallonta yana murmushin da ba ta so ba.

Daga ranar zaman gidan ya zama aiki biyu, girki da ɓoyon kare. Abu ɗaya da ya taimake ta shi ne karen ba ya haushi. Ko kyanwa ta gifta ta kan katanga sai dai ya bi ta da ido. Amma yana susa, dare da rana, ƙafarsa na bugun ƙofar balakona, ɓawon fatarsa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofar. Zainaba ta cusa tsumma a wurin. Ta daina shanya a balakona, ta ware wa Mahasin kofi da cokali da sabulu ba tare da ta ce mata komai ba. Ita kuwa Mahasin ko a jikinta. Wuni take zaune a ƙasa kusa da shi tana kore masa ƙuda da gefen mayafi, tana tsince masa kaska da yatsunta, ta ɗiba masa abinci a tafin hannu ya lashe. Ba ta shafa shi, ba ta yi masa wasa, sai dai in zai ci ta ce masa “ya zol”, yadda mutanen Sudan ke kiran mutum. Wata rana Zainaba ta tarar da ɗaya daga cikin kwanoninta na silba a gabansa da ruwa a ciki. Ba ta yi faɗa ba, ta sa leda ta ɗauki kwanon ta jefa a shara, ta wanke hannu har fatar ta yi ja.

Abin da ya ƙara dagula mata lissafi a kasuwa ta jiyo shi. Tana zaɓen kuɓewa wasu matan Sudan biyu na hira a gefenta, ɗaya na cewa ai karnukan Khartum sun ƙoshi a yaƙin nan, tunda gawa ta kwana a titi babu mai ɗauka. Zainaba ta ajiye kuɓewar ta fito. Da ta koma gida ta leƙa ta gilashin ƙofa, ta ga harshen nan yana lasar tafin Mahasin, ta ruga banɗaki ta amayar da karin kumallonta. Da Mu'tasim ya zo ta tare shi da maganar, ta ce ko dai karen ko dai tukunyarta, biyun ba su zama a gida ɗaya. Ya yi abin da ya saba yi idan magana ta fi ƙarfinsa, ya ce in sha Allah, ya shiga wanka ya daɗe.

Ranar Juma'a kuwa tun da hantsi take kulle balakona, ta ja labule, ta cika kasko da garwashi ta zuba turare har hayaƙi ya riƙa sa mutane tari. Haka ta yi ta tsallakewa, har wata Juma'a da Malam Uzairu ya tsaya a bakin ƙofa yana jan hanci. Malam Uzairu shi ne babban ɗaliban, mutumin Tawa, ya daɗe yana karatun fiƙihu har furfura ta fara fito masa, kuma inda ya sa ƙafa nan sauran ke sawa. Ya ce, “Tanti, kamar ɓera ya mutu muku a wani lungu.” Zainaba ta ɗora wa magudanar ruwan gidan laifi, ta zagi mai gidan hayar da ba ya gyara, ta ƙara masa nama biyu a miya. Ya tafi yana godiya, amma ta ga yadda ya sake waiwayen labulen. Ta san bakin ɗalibai. Idan kalmar kare ta fita daga gidan nan da azahar, kafin la'asar ta gama zaga Madinat Nasr, kuma ba kare kawai za a ce ba, kare mai gyambo za a ce.

Shi ya sa da kanta ta matsa a kai shi asibitin dabbobi. Ba tausayi ba ne, kada wani ya yaba mata. Lissafinta shi ne idan fatar ta warke warin zai tafi, kare mai lafiya kuma ya fi sauƙin ɓoyewa, wataƙila ma a samu mai gona ya karɓe shi. Da ƙyar suka samu mai tasi da ya yarda, shi ma sai da ya shimfiɗa kwalaye ya sauke gilasai duka. Asibitin a Masr al-Gadida yake, ya fi wanda Zainaba ke zuwa idan ba ta da lafiya tsabta da sanyi, kuma wannan ma ya ba ta haushi. Wata mata mai farin kare kamar auduga ta janye nata ta rungume da suka shigo. Likitar, wata matashiya da ake kira Duktura Khairat, ta ɗebi jini ta duba, ta dawo ta yi musu bayani a hankali. Ta ce ba ƙazuwa ba ce. Cuta ce da wani ɗan ƙaramin ƙwaro ke sakawa idan ya yi cizo, tana cikin jini, abin da ake gani a fata reshe ne kawai, kuma ta fara taɓa ƙoda. Akwai magani, amma sai an jure, fatar ba za ta gyaru ba sai bayan watanni, wataƙila ma ya sha ƙwaya iyakar ransa.

Mahasin ta ce tamam, wato ta yarda, ta karɓi ƙwayoyin da hannu biyu. Zainaba kuwa kalma ɗaya ta ji a cikin bayanin duka, watanni. Juma'a nawa ke nan za ta yi tana ƙona turare tana ƙarya?

A hanyar dawowa ne mahaifinta ya faɗo mata a rai. Mai raƙuma ne a wajen Tanut, kuma tun tana ƙarama ta ga yadda ake yi wa raƙumin da ƙazuwa ta kama. Ba a kai shi wurin wata duktura mai farar riga. Baƙin man inji ake samowa wurin masu gyaran mota, wanda aka juye daga ciki, a shafe dabbar da shi tas. Ƙwarin su mutu, fata ta yi laushi, kafin wata ya kama sabon gashi ya fito. Da idonta ta gani, ba labari aka ba ta ba. Ta yi tsaki a ranta, ta ce 'yar birnin da ba ta taɓa ganin raƙumi ba sai a wurin masu yawon buɗe ido ita ce za ta gaya mata abin da ke ƙazuwa da abin da ba ita ba.

Ta jira ranar da Mahasin ta fita tun da safe zuwa layin ofishin 'yan gudun hijira, inda mutum kan wuni. Ta sauka wurin makanikin bakin lungu ya cika mata gorar ruwa da baƙin mai, yana tambayarta ko ƙofa ce ke ƙara. Ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta sa leda biyu a kowane hannu, ta naɗa tsumma a kan sandar tsintsiya, don ko da leda ba ta yarda ta taɓa shi ba. Ta buɗe balakona tana riƙe numfashi. Karen ya miƙe tsaye bai gudu ba. Ta shafe bayansa, ta shafe cikinsa, ta bi kunnuwan da ƙafafun, tana yi tana juyar da kai tana tofar da miyau. Da sanyin man ya taɓa inda ke masa ƙaiƙayi sai ya lumshe ido ya kaɗa jela, abin da ba ta taɓa ganin ya yi ba. Ta ce masa tir, ta ja ƙofa, ta tafi ta yi wanka sau biyu. Har wani daɗi ta ji, irin na wadda ta gama share ɗakin da ya daɗe a rufe.

Abin da ba ta tuna ba shi ne raƙumi ba ya lasar jikinsa. Kare kuwa ba shi da hannu, ba shi da soso, harshe ne duk abin da Allah ya ba shi.

Kafin la'asar ya lashe duk inda harshensa ya kai. Ta jiyo wani irin kakari ta leƙa, ta ga yana amai baƙi ƙirin, ƙafafunsa na rawa, zawo na bin cinyarsa, shi ma baƙi. Warin da ya taso ya haɗa na gyambo da na gareji da na masai, wanda ko turaren duniya ba ya kashewa. Tana tsaye a wurin Mahasin ta dawo. Zainaba ta shirya wa ihu da zagi, har ta tanadi amsa, cewa a garinsu haka ake yi kuma yana aiki. Mahasin ba ta ba ta damar faɗa ba. Ta dubi gorar, ta dubi sandar, ta ajiye jakarta ta durƙusa cikin aman, ta ce a miƙo mata sabulun wanke-wanke. Da ma ta zage ta da ya fi mata sauƙi.

Da suka mayar da shi asibiti, Duktura Khairat ce ta yi faɗan. Ta tambayi wanda ya yi wannan aiki, Zainaba ta ce ita ce, likitar ta dube ta kamar ta ga mahaukaciya. Aka sa masa ruwa, aka yi masa allurai, aka riƙe shi ya kwana. Da suka koma washegari ta ce musu khalas, shi ke nan, ƙodar da ma da ƙyar take aiki, yanzu ta tsaya. Abin da ya rage na tausayi shi ne a yi masa allurar da zai yi barci ba zai farka ba, kuma kada su damu da gawar, asibiti na da masu zuwa su kwashe su ƙona. Da jin kalmar ƙonawa Mahasin ta miƙe ta naɗe karen cikin mayafinta ta sungume shi, ita da ko buta ba ta iya ɗauka sai ta huta. Likitar na kiranta ba ta waiwaya ba.

Wannan karon ba a balakona ta kwantar da shi ba, a tsakar falo ne, kuma Zainaba ba ta da bakin hanawa. Da yamma suna zaune, hasken rana na shigowa ta taga yana nuna ƙudan da suka taru, Zainaba ta yi ta maza ta ce, “Yaya, ki yafe mini. Wallahi warkewa na so ya yi.” Sai kuma bakinta ya ƙi tsayawa, ta ƙara da cewa amma tsakani da Allah kare ne fa, kuma ita ba ta taɓa ganin inda Musulma ta ɗora wa kare so irin wannan ba.

Mahasin ta ɗago kai. “So? Kina tsammani son shi nake yi? Na fi ki ƙyamarsa, Zainaba. Duk ranar da ya lashi hannuna sai na ji kamar in sare hannun.”

Sannan ta ba ta labarin, muryarta ba hawa ba sauka. Isam ya fita ɗebo ruwa ne da jarka, aka harbe shi a bakin kwana, daidai inda tagarsu ke kallo. Wani maƙwabci ya je janyo shi, shi ma aka harbe shi a ƙafa ya dawo da rarrafe. Daga nan ba wanda ya sake gwadawa. Tana ciki tana kallon mijinta a rana, yana kumbura, har karnukan unguwa suka zo. Ta yi ihu, ta jefe su da kofuna da takalma da duk abin da hannunta ya kai, suka ƙi tafiya. Ta ga kowannensu, ta san kamanninsu. Da faɗan ya matsa gaba ta fita da zanin gado, ta tarar babu abin da za a wanke, babu abin da za a naɗe. Sauran karnukan sun watse, wannan ɗaya ne ya zo ya kwanta a bakin ƙofarta. Ta ɗauko taɓarya za ta fasa masa kai, ta ɗaga, sai ta kasa saukewa.

Ta ce, “Ban yi masa wanka ba, ban sa masa likkafani ba, ba shi da kabarin da zan je in tsaya. Abin da ya rage na Isam a duniya yana cikin wannan. Shi nake jira ya mutu da kansa in binne. Ba za a ƙona shi ba, ba za a jefa shi a bola ba.”

Zainaba mace ce mai hankali a kwance, kuma hankalin ya gaya mata cewa abin da kare ya ci a Khartum a Khartum ya kasayar da shi, tuni iska ta kwashe. Maganar ta zo har bakinta. Ta dubi matar da ta ratso hamada da igiyar shanya a hannu, ta haɗiye. Ƙyamar ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi, don yanzu idan ta kalli bakin karen ta san abin da take kallo. Sai dai ta rasa inda za ta ajiye ƙyamar, a kan karen, ko a kan masu harbi, ko a kan hannunta da ya riƙe sandar tsintsiya. Mu'tasim ma bai san wannan labari ba, Mahasin ta ce kada ta gaya masa.

Karen ya mutu ranar Juma'a da hantsi, tukwane na kan wuta. Ya yi wata shaƙuwa ya miƙe ƙafafu, shi ke nan. Zainaba ta sauka ta tambayi bawwab inda ake binne dabba a garin nan. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ta sa shi a baƙar leda ta ajiye a bakin lungu, masu kwasar shara za su ɗauka. Ta kira Mu'tasim a waya, ya ce ba za a sake shi daga aiki ba sai gobe, ta yi yadda bawwab ya ce kafin gida ya ɗauki wari. Ta hau sama ta tarar Mahasin ta yage farin mayafinta na takaba ta shimfiɗa a ƙasa, amma ƙarfinta ya ƙare, ta kasa yin abin da ya wuce haka.

“Ya ukhti, 'yar'uwata,” in ji Mahasin, “ki wanke mini shi. Kada ya shiga ƙasa da baƙin man nan.”

Zainaba ta so ta ce a'a, kuma da ta ce ba wanda zai ga laifinta. Ta je ta rage wutar miya, ta ɗebo ruwan zafi, ta jawo babban baho tsakar falo. Ta nemi leda ta sa a hannu, ledar ta riƙa zamewa a kan man, ta cire ta yar. Fatar ta yi sanyi tana santsi, ɓawon gyambon na narkewa yana maƙale mata a tsakanin yatsu. Ruwan ya koma baƙi da maiƙo a sama. Sau biyu tana tashi ta yi amai ta dawo. Tana cikin cuɗa wuyansa aka ƙwanƙwasa ƙofa, ta jiyo muryar Malam Uzairu da hayaniyar ɗalibai da ƙarar kuloli a kan matakala.

Tana iya yin shiru su gaji su tafi, ta ce musu daga baya zazzaɓi ne ya kwantar da ita. Tana iya jan bahon zuwa ɗaki ta watsa turare. Ta yi wannan tunani, ba za a ce ba ta yi ba. Amma mata biyu ba su iya kai gawa bayan gari, ba su iya haƙa rami a ƙasar dutse, kuma zafin Alƙahira ba ya jiran gobe. Ta tashi da hannuwanta baƙi har gwiwa, ta buɗe ƙofar da gefen hannu, ta buɗe ta duka.

Hayaniyar ta ɗauke. Suka ga bahon, suka ga ƙafafun karen sun leƙo, suka ga tukunyar tuwo na tururi a bayansa ta ƙofar kicin. Wani daga baya ya toshe hanci da hula, wani ya juya ya sauka da sauri. Zainaba ba ta yi kwana-kwana ba. Ta gaya wa Malam Uzairu cewa karen ya daɗe a gidan, shi ne warin da ya ji rannan, kuma ƙarya ta yi masa. Ta dubi Mahasin, Mahasin ta gyaɗa kai, sai ta faɗa masa sauran a taƙaice, ta ce tana neman maza da shebur da mota.

Malam Uzairu ya yi salati a hankali. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya ai kare mai rai ba najasa ba ne, ko yawunsa, wannan a rubuce yake. Salla dai ba za a yi ba, amma binnewa babu laifi, rufe abin da ya kamata a rufe ne. Ya san wani ɗan Agadas mai motar kaya, kuma bayan Madinat Nasr akwai fili inda gine-gine suka ƙare. Ya zaɓi mutum uku ya ce su tsaya. Duk wannan bayani da yake yi, kularsa tana bayansa, ya riƙe ta da hannu biyu.

Zainaba ta gode masa. Sannan, don bakinta ya saba, ta ce tuwo ya nuna, ga miya nan da zafinta, su kawo kulolin a zuba musu kafin motar ta zo.

Ba wanda ya motsa. Malam Uzairu ya dubi hannuwanta, ya dubi ƙasa, ya ce, “Allah ya saka, Tanti. Yau mun ƙoshi.” Sauran suka ce haka ne, sun ƙoshi, mutanen da suka ratso gari da yunwa tun daga masallaci. Ta san ba yau kaɗai suke nufi ba, su ma sun san ta sani.

Ta bar musu ƙofar a buɗe ta shiga kicin ta kashe wutar duka. Ta dawo ta durƙusa a gaban bahon, ta ce wa Mahasin ta riƙe mata kan, akwai sauran mai a cikin kunnen.